Fiffike a Kan Mota, Rami a Kan Hanya

Akwai wani sabon ma'auni da ya shigo mana arewacin Kamaru ta cikin wayar salula, wanda matasanmu, har da wasu masu furfura, suka ɗauka suna auna wayewar gari da shi. Ma'aunin shi ne mota mai fiffike, wato motocin alfarmar nan da ƙofofinsu ba sa buɗewa ta gefe kamar na kowa, sai dai su ɗaga sama daga rufi, motar ta tsaya kamar shaho zai tashi. Masu jin Faransanci cikinmu suna ce mata papiyon, wato malam-buɗe-littafi. Yau da wuya ka zauna a majalisar shayi a Yelwa ko Poumpoumré ba a miƙo maka waya an nuna maka bidiyon irin wannan mota a Dubai ba, daga nan sai ka ji an yi ajiyar zuciya an ce, "Mu dai Garwa an bar mu a baya." A shirin da nake karɓar kiran masu sauraro ma maganar ta sha fitowa: wai alamar gari ya ci gaba ita ce a ga irin waɗannan motoci suna shawagi a titunansa, kuma wai masu kuɗinmu ba su waye ba tunda har yanzu Land Cruiser suke saye.

Ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan. Motocin suna da kyau, wanda ya ce ba su da kyau son zuciyarsa ya faɗa. Abin da nake ja da shi shi ne mayar da ƙofar mota mizanin ci gaba a yankin da buhun masara ke kwana a hanya saboda tirela ta kafe. Duk al'ummar da ta ari ma'aunin da ba nata ba, abin da ba ta buƙata za ta riƙa roƙon masu kuɗinta da shugabanninta, su kuwa abin da ake yi musu tafi a kai shi za su riƙa kawowa. Kuma tarihin ita kanta wannan ƙofa, da masu yaɗa bidiyon za su tsaya su bi shi, shi ne babbar shaida a kansu.

Da farko mu rarrabe, domin ana cakuɗa su. Ƙofar Lamborghini da ake yawan gani a bidiyon mawaƙa, tun daga samfurin Countach na 1974, a gaba take maƙale kusa da gilashi, tana miƙewa sama kamar bakin almakashi. Wadda nake magana a kai a tsakiyar rufi aka maƙale ta, idan ta ɗaga sai ta tafi da gefen motar da wani sashe na rufin. Uwar wannan iri ita ce Mercedes-Benz 300 SL ta Jamus.

A 1952, shekara bakwai kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a cikinsa bama-bamai suka ragargaza masana'antun Mercedes, kamfanin ya so komawa tseren motoci amma ba shi da halin ƙera sabon inji na musamman. Sai aka ɗauko injin babbar motarsu ta manya, samfurin 300, irin wadda shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Konrad Adenauer yake shiga. Inji ne mai nauyi, kuma ƙarfinsa bai kai na abokan karawa ba. Injiniyan da aka ɗora wa aikin, Rudolf Uhlenhaut, ya ga tunda injin ba zai ba shi ƙarfin da yake so ba, dabarar da ta rage ita ce ya rage wa motar nauyi. Sai ya harhaɗa ƙashin motar da siraran bututun ƙarfe, aka yi musu walda suna sarƙe da juna kamar saƙar kwando, nauyinsu duka kimanin kilo 50, wato buhun siminti guda. To amma wannan ƙashi ba ya yin ƙwari sai ya taso sosai ta gefe biyu na motar, daidai wurin da ake yanka ƙofa. In aka yanka ƙofa irin ta kowa, an karya masa ƙarfi. Babu ta inda direba zai shiga sai ta sama. Asalin fiffiken ke nan. Dole ce ta haife shi, kamar mai ɗakin da ruwa ya tare wa ƙofa ya fita ta taga.

Kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. A watan Yuni na 1952 motar ta zo ta ɗaya da ta biyu a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. A Nuwambar shekarar ta lashe tseren Carrera Panamericana a Meksiko, tafiyar sama da kilomita 3,000. A wannan tseren ne ungulu ta faso gilashin gaban motar Karl Kling ta ji wa abokin tafiyarsa Hans Klenk rauni a fuska. Suka sa aka kafa sandunan ƙarfe a gaban sabon gilashi, suka ci gaba har suka yi nasara. Mai karatu ya lura da halin mutanen nan: hanya ce take yi musu tambaya, su kuma su ba ta amsa da ƙarfe da walda.

Daga nan wani dillalin motoci a Amurka, Max Hoffman, ya lallashi kamfanin ya ƙera irinta ta sayarwa, aka baje ta a New York a Fabrairun 1954. Guda 1,400 aka yi zuwa 1957. Waɗanda suka saya sun ɗanɗana kuɗarsu. Gilashin ƙofar ba ya sauka, cikin motar zafi kamar tanda, shiga kuma sai mutum ya zauna a kan faffaɗan dokin ƙofa ya jujjuya ƙafafunsa ciki, har sai da aka yi sitiyarin mai lanƙwasawa don gwiwar direba ta samu hanya. Ka kwatanta alhajinmu da babbar riga da hula yana wannan kokawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a. A 1957 kamfanin da kansa ya sake fasalin ƙashin, ya sauke gefensa, ya fito da samfuri mai buɗaɗɗen rufi da ƙofa irin ta kowa, ya ajiye fiffiken. Wanda ya ƙirƙiri abin ya bar shi ranar da larurar ta kau. Mu kuma bayan shekara kusan 70 muke son mu ɗauka don a ce mun waye.

Labarin waɗanda suka biyo baya suka ɗauki fiffiken don ado ya fi shafarmu, domin har sau biyu wannan ƙofa tana ruɗar yankin da rashin aikin yi ya addaba. Na farko a Kanada. Wani ɗan kasuwar Amurka, Malcolm Bricklin, ya shawo kan gwamnatin lardin New Brunswick, ɗaya daga cikin lardunan ƙasar masu ƙaramin ƙarfi, ta zuba kuɗin jama'a a masana'antar mota mai fiffike. An fara ƙera ta a 1974. Ƙofofin masu nauyi ne, na'ura ce ke ɗaga su, na'urar kuma tana yawan tsayawa, ga yoyo idan ana ruwa. Kafin ƙarshen 1975 kamfanin ya durƙushe, motocin da aka yi ba su kai 3,000 ba, lardin ya tashi da asarar sama da dala miliyan 20.

Gani ga wane bai ishi wane tsoron Allah ba. Bayan 'yan shekaru John DeLorean, tsohon babban jami'in General Motors, ya zo wa gwamnatin Birtaniya da tasa mai fiffiken, mai jikin ƙarfe marar tsatsa. A lokacin Ireland ta Arewa tana cikin rikici da rashin aiki, gwamnati tana neman abin da za ta nuna wa mutane. Aka gina masana'anta a Dunmurry kusa da Belfast, kuɗin gwamnati wajen fam miliyan 80 suka shiga. Motoci sun fara fita a farkon 1981, a Fabrairun 1982 kamfanin ya kasa biyan bashi, kafin shekarar ta ƙare an rufe. Kimanin guda 9,000 aka yi, ma'aikata sama da 2,000 suka koma zaman kashe wando. Masu saye sun ga ƙofa mai ban sha'awa, da suka taka totur sai suka tarar injin, wanda haɗin gwiwar Peugeot da Renault da Volvo ne, ba shi da kuzarin da ya dace da tsadar motar. Ba don wani fim na Amurka da ya fito a 1985 ya yi amfani da ita ba, da yanzu an manta sunanta. Ina so ɗan arewacin Kamaru ya riƙe waɗannan labarai biyu, domin yanki mai ƙishirwar a ce ya ci gaba shi ne ya fi saurin sayen abin da ke ƙyalli, ko mota ce ko gini ne ko alkawarin ɗan siyasa.

Na zamani ma ba su tsira ba. Da Mercedes ya dawo da fiffike a samfurin SLS AMG a 2010, sai da ya amsa tambayar da kowane direban hanyar Marwa zai fara yi: idan motar ta kife a kan rufinta, ta ina mutum zai fita? Amsar da suka samo ita ce su sa 'yan ƙananan abubuwan fashewa a maɗaurin ƙofar, waɗanda za su tsinke shi bayan 'yan daƙiƙu da kifewa. Kamfanin Tesla kuwa ya nuna Model X mai fiffike a ƙofofin baya a 2012, amma ba ta isa hannun masu saye ba sai ƙarshen 2015, kuma daga baya kamfanin ya amsa da bakinsa cewa ya cusa mata sababbin fasahohi fiye da kima. Ƙofar mota ce fa, abin da yaro ɗan shekara biyar yake buɗewa da hannu ɗaya, aka mayar da ita abin da ke buƙatar kwamfuta da na'urorin auna tazara da albarushi.

Yanzu mu dawo gida mu ɗora motar a kan hanyarmu. Layin dogo da ya taso daga Yawunde ya iso Ngaundare a 1974, kuma a nan ya tsaya har yau. Ma'ana kayan da ke tasowa daga tashar Duwala zuwa Garwa da Marwa da Kusuri, daga Ngaundare a bayan manyan motoci suke tafiya, a kan hanya guda, babbar hanya mai lamba 1. A kanta audugar SODECOTON ke gangarawa kudu, a kanta albasa da gyaɗa da shanu ke bi. Kimanin kilomita 280 ne daga Ngaundare zuwa Garwa, a ciki akwai gangaren dutsen nan da muke kira falez kafin a kai Mbé, inda kowane direba ya san tirelolin da birki ya yaudara. Daga Garwa zuwa Marwa sama da kilomita 200, ta Pitoa da Figuil. Can gaba kuma akwai hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri, wadda aikinta ya tsaya bayan 'yan Boko Haram sun sace ma'aikata 'yan Sin goma a Waza a Mayun 2014, ta shafe shekaru tana cin motoci da kayan mutane. Duk wanda ya taɓa bin waɗannan hanyoyi da damina ba sai an yi masa bayanin rami ba.

Motar tsere kuwa, tsakanin cikinta da ƙasa bai kai taƙi guda ba. Tudun rage gudu na farko a bakin kasuwa zai kankare mata ciki, ballantana ramin da ke haɗiye tayar Hilux. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, robar bakin ƙofa da na'urorin da ke ɗaga ta su ne farkon abin da za su gaji. Man da yawancin mutanenmu ke sha a gefen titi, zuwazuwa da ake shigowa da shi daga Najeriya cikin jarkoki, ba abincin irin wannan inji ba ne. Idan ta lalace, bakaniken unguwa da zai iya kwance injin Carina ido rufe ba shi da kwamfutar da zai yi magana da ita, kayan gyara kuma sai an yi odar su daga Turai. Mai lantarkin kuwa za ta jira wutar madatsar Lagdo, wadda aka kammala tun 1982, wadda kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya unguwanni ke kwana cikin duhu bi da bi. To mota ce wannan ko kayan ɗaki? Iyakarta daga gida zuwa wurin ɗaurin aure, a buɗe fiffike a ɗauki hoto, a mayar da ita a lulluɓe.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa. Na farko: kuɗinsa ne, ina ruwanka? Gaskiya ne, wanda ya nemi halaliyarsa ya sayi abin da ransa ke so, ba ni da ikon hana shi, ban kuma nema ba. Maganata da masu tafi ce. Ranar da attajiri ya gane cewa mota guda ta fi jawo masa kirari a Facebook da TikTok fiye da injin casar shinkafa mai ɗaukar ma'aikata hamsin, to mun koya masa inda zai kai kuɗinsa. Alhazan da suka yi suna a wannan yanki da fataucin shanu da goro da sufuri, da yawan motocin dakon kaya da yawan gidajen da ke ci a ƙarƙashinsu aka san su. Wannan ma'aunin namu ne, kuma ya fi wanda muke shirin musanya shi da shi.

Na biyu: hassada ce. Wannan ita ce sandar da ake dukan duk wanda ya yi tambaya. Idan mutum ya ce takalmi mai tsini bai dace da noman fadama ba, ba hassadar mai takalmin yake yi ba, laka ya sani.

Na uku, wanda ya fi nauyi: a bar matasa su yi mafarki, burin babbar mota shi ke sa yaro ya tashi ya nema. Na yarda matashi marar buri gawa ne. Amma a cikin labarin mota mai fiffike akwai mutum biyu, wanda ya ƙera da wanda ya saya, kuma bidiyon da ake yaɗawa na biyun kaɗai yake nunawa. Burin zama mai saye ba ya tambayar ta ina kuɗin za su fito, shi ya sa yake kai yara ga damfarar intanet da cacar ƙwallo da bin daji da jarkokin mai a kan babur, wasunsu ba sa dawowa. Burin zama Uhlenhaut kuwa makaranta yake kai yaro, ko gareji. Akwai ma abin lura a nan. A Mayun 2022 Mercedes ya sayar da ɗaya daga cikin motoci biyu tak masu fiffike na samfurin 300 SLR da aka ƙera a 1955, waɗanda ake kira da sunan Uhlenhaut, a kan Yuro miliyan 135, wato sama da sefa biliyan 88. Kamfanin ya ce kuɗin za su tafi asusun tallafin karatun matasa. Masu abin sun mayar da mota karatu, mu kuma yaranmu suna barin karatu don mafarkin mota.

Na huɗu: ga Dubai. To a duba Dubai da kyau. Sun buɗe tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a 1979, sun kafa kamfanin jiragen sama na Emirates a 1985, sun shimfiɗa hanyoyi, sannan motocin suka biyo baya. Mu muna da tashar jiragen ruwa a bakin Binuwai, wadda a da kwale-kwalen dakon kaya ke zuwa da damina su ɗebi auduga da gyaɗa su gangara ta Najeriya zuwa teku, yau ta zama tarihi. Wanda ya ɗauko hoton motar Dubai ya bar tashar Dubai, ya tsinko ganye ne ya bar saiwa.

Ba cewa nake mu yanke ƙauna da fasaha ba. Hasali ma akwai motar da ta taɓa amsa tambayar hanyoyinmu, iyayenmu sun san ta: Fijo 504. Ta fito a Faransa a 1968, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna shekaru da dama bayan Faransa ta daina ƙera ta. Cikinta a ɗage yake, ƙafafunta suna shanye gargada, kowane bakanike yana iya gyara ta a gindin bishiya. Ba ta da fiffike, amma ta kai amare da marasa lafiya da 'yan kasuwa inda kwalta ba ta kai ba. Haka tashoshin wutar hasken rana da aka kafa a Guider da Marwa a 'yan shekarun nan: ranar da ke ƙona mu ce aka mayar amsa ga ƙarancin ruwan Lagdo. Kuma duk mai walda a Djamboutou da ya ƙara wa babur mai ƙafa uku ƙarfe don ya ɗauki buhuna daga gona, ko ya ƙera amalanken da ba ya kafewa a yashin mayo, ya fi kusa da Uhlenhaut fiye da duk wanda ya sayi motar Uhlenhaut. Matsalarsa ya duba, da abin da ke hannunsa ya warware ta. Irin wannan mutum ya kamata a riƙa ɗauka a bidiyo, shi ya kamata Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, da makarantun koyon sana'a su jawo kusa, shi ya kamata mai kuɗi ya nema ya zuba wa jari.

Mun ga abin da gari ke iya zama idan an sa niyya. Da aka kawo wasannin cin kofin Afirka filin Roumdé Adjia a Janairun 2022, titunan cikin Garwa sun samu gyara da fitilu, baƙi daga Najeriya suka cika gari suna yabo. Amma baƙo yana tafiya, mai gida ke zama da hanyar ƙauye. Saboda haka ga ma'aunin da nake kira mu koma gare shi, mu riƙa tambayar duk mai neman ƙuri'armu da duk mai neman kirarinmu da shi. Awa nawa tirela ke yi daga Ngaundare zuwa gadar Binuwai? Nawa kuɗin mota ke ƙarawa a kan buhun masara kafin ya iso kasuwa? Mace mai naƙuda a ƙauyen bayan Lagdo, cikin watan Agusta, a kan me ake ɗora ta, kuma tana isa asibiti da rai? Yara nawa attajirin unguwa ya koya wa sana'a bana? Ranar da amsoshin waɗannan tambayoyi suka yi daɗi, duk mai son mota mai fiffike ya sayo, zai samu hanyar da zai tuƙa ta da bakaniken da zai gyara ta, ba kuwa wanda zai ce masa uffan. Kafin wannan rana, zanen aro ne, kuma ba ya rufe katara.

Allah Ya ba mu ikon gane abin da muke buƙata, Ya sa masu hali cikinmu su zama inuwar jama'a, Ya kiyaye matafiyanmu a kan hanya.